Bargon da Ya Cinye Rawanin Malam

Jiya na shanya tsohon bargona, ƙanshin baban rini ya tuna mini da kakata ta Bebeji, tun Turawa na mulki. Da tsofaffin zannuwanta ta ɗinka shi, ni kuwa tsayi nake zubawa kamar dawar damina. Duk shekara sai ta ce mini, "Mijina, ƙafafun nan sun sake leƙowa," ta ƙara ƙyalle.

Da zannuwa suka ƙare, ta tsaga rawanin kakana. Ranar Juma'a ya birkice gida yana nema. Ta ce, "Malam, kanka ya daina girma, ƙafar mijina ba ta daina ba." Da hula ya tafi masallaci, yana mita har Kiru ana jiyowa.

Allah Ya yalwata makwancinki, Ya lulluɓe ki da rahama.