Labulen Gerben da Tsakar Rana

Gerben Postma ya tuƙa tankar madara a ƙauyukan arewacin Holand har furfura ta cika masa kai. Duk shekarun nan abu ɗaya yake jira: bazara ta zo, ya ɗaura ɗakinsu mai taya a bayan mota, shi da matarsa Aukje su gangara kudancin Faransa neman rana. Kunkuru suke kiran ɗakin, don a kan hawa har mai keke wuce su yake. A ciki akwai gado da murhu da buhun dankalin gida, don Gerben bai yarda da dankalin kowa ba.

Bana zuciyar Aukje ta fara ba ta wahala, amma ta kafe sai ta je ta ga kogin da suke sauka a bakinsa duk shekara. 'Yarsu Femke ta tare uban a bakin mota.

"Baba, likita ya ce ban da zafi. In ya kayar da ita, zuwa zan yi in ɗauko ta, Kunkuru kuma a sayar."

"Ɗan zafi ne zai gagare ni?" in ji Gerben.

Ai kuwa ya gagare shi. Mu mutanen Holand sanyi muka sani, zafi kuwa sai dai mu yi ta murna da shi har ya kwantar da mu. Da suka sauka a sansanin masu hutu a can kudu, Gerben ya buɗe tagogi duka, ya yaye labule, iska mai zafi ta yi ta shiga kamar an buɗe tanda. Ya tura Kunkuru gindin bishiya. Ya sayo fanka. Ya jiƙa zanen gado ya rataya a ƙofa, ya kawo wa Aukje ruwa a kwano ta tsoma ƙafa. Duk da haka kafin la'asar tana kwance tana haki, shi kuma yana tsaye a kanta da tsumma, tausayi kamar ya yi kuka.

Maƙwabciyarsu a sansanin, wata Bafaranshiya mai suna Odile, ta gaji da kallo.

"Maƙwabci, dafa matarka kake son yi? Da safe ake rufe taga, a ja labule, a tsare sanyin a ciki. Sai rana ta faɗi a buɗe."

"Ba ma jan labule da rana," ya ce, ya juya mata baya.

Odile ta ɗauka taurin kai ne. Ba shi ba ne. A ƙauyenmu labule a buɗe yake wuni, kowa ya ga cikin ɗakinka. In ka ga an ja shi da rana tsaka, to an yi rasuwa a gidan. Gerben sau ɗaya ya taɓa jan labule da rana, ran da aka tsamo ɗansu Wiebe daga magudanar ruwan bayan gida, yana ɗan shekara huɗu. Ya ja, ya fita waje ya tsaya yana kallon tagar. Tun daga ranar hannunsa bai sake yi ba.

Washegari tun da hantsi zafi ya fara. Aukje ta kira shi, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Tsoho, Femke ta bugo. Ta ji yadda nake numfashi. Ta ce in ban samu sauƙi yau ba, gobe tana hanya."

"Zan ƙaro fanka."

"Ka ƙaro goma ma. Ja labulen nan."

"Aukje, kina da rai."

"Shi ya sa nake da bakin ce maka ka ja. Na san abin da kake tunawa, ai ni na haife shi. Amma ban yi doguwar tafiyar nan don a mai da ni gida kamar kaya ba."

Gerben ya nufi tagogin. Ya rufe su, ya bi labulen ɗaya bayan ɗaya yana ja. Da ya gama sai ƙafarsa ta kai shi waje ba tare da ya sani ba. Ya tsaya a rana, ya cire hula, yana kallon Kunkuru a rufe, hawaye na zuba.

"Gerben!" Muryar ta fito daga ciki. "Me kake yi a waje? Masu gaisuwa ne ke tsayawa a can. Shigo ka rufe ƙofa, kana zubar mini da sanyi."

Ya shiga. Ciki da duhu, da ɗan sanyin safiya da bai gudu ba. Ya kwanta a gefenta da takalmansa. Sannu a hankali hakin ya lafa, can sai minshari ya tashi, minsharin nan da ya yi shekara arba'in yana mita a kansa. Gerben ya yi lamo yana saurare, bai ko motsa ba don kada ya katse shi.