Hannun da Kawu Ya Miƙa

Jiya wani mai keke ya miƙa hannu a gabana zai sha kwana. Na taka birki. Kawu ne ya faɗo mini a rai.

Shi ba ya gaisuwa daga kan keke. Wata rana za mu kasuwar Makarfi, yana gaba da ɗaurin rake, sarƙar kekensa na ƙara, wani dattijo ya ɗago masa hannu daga gona. Sai da Kawu ya gangara gefe ya sauka, suka gaisa. Da muka hau ya ce mini, "A kan kwalta, hannu magana ce da direba. Kada ka ɓata shi da gaisuwa."

Ranar da mota ta buge shi, ya miƙa hannu ne zai tsallaka hanyar Nasarawan Doya. Direban ɗan maƙwabcinsa ne. A zaman makoki yana kuka yana cewa, "Wallahi na zaci Baba gaishe ni yake yi, har na ɗaga masa nawa."

Hagu fa ya miƙa. Wa ke gaisuwa da hagu?

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya miƙo maka sakamakonka ta dama.