Waken da Mama Ta Surfa Mini

Har na kai aji huɗu a firamare, babu darasin da na tsana kamar kimiyya. A rubuta sassan fure a allo, mu kwafa, mu rera kamar waƙa, wanda ya manta ɗaya ya miƙo hannu ya sha bulala. Furen kuwa ba mu taɓa riƙe shi a aji ba, alhali ga shi nan a bayan tagarmu awaki na ci.

Sai aka kawo mana sabuwar malama, 'yar kudu, gajeruwa, mai murya kamar ta mai kiran fasinja a tasha. Anti muke ce mata. Hausarta ba ta nuna ba, amma ko a jikinta, inda ta ƙare mata sai ta cike da Turancin buroka. A sati na biyu ta ce kowa ya zo da gwangwanin madara, da auduga, da ƙwayar wake biyar. Za mu jiƙa audugar, mu ɗora waken, mu jera a taga mu ga abin da zai faru. Sannan ta faɗi maganar da ta hana mu zama lafiya: ta samo bas da za ta kai mu gonakin bincike na Samaru, amma bas ɗin ba za ta ɗauke mu duka ba. Wanda wakensa ya tsiro shi ne mai kujera.

Daga Sabon Gari zuwa Samaru ba wata tafiya ba ce, amma ni ban taɓa zuwa ba. Labari kawai nake ji, wai akwai ɗakin gilashi da ake shuka a cikinsa, da shanun da suka fi ƙofar ajinmu tsayi. Ina son kujerar nan kamar me. Ban kuma damu ba, domin Mamana ƙosai take soyawa a bakin titi a Chikaji, ma'aikatan kamfani ke layi a gabanta kowace safiya. Wake a gidanmu buhu guda ne. Na cika baki a aji har sai da abokiyar zamana ta ce in rufa musu asiri.

Da na gaya wa Mama, ta tambaye ni, "Waken malama za a kai wa?"

Na ce e.

Ta ce, "To ba za ki kai mata da ɓawo da ƙura ba, a ce ba mu san mutunci ba."

Ta ɗebo daga wanda ta surfa a turmi ta wanke tas, fari fat. Ba biyar ta ba ni ba, cikin hannu guda ta zuba mini.

Ranar da muka jera gwangwanaye, nawa ne ya fi na kowa kyau, kuma na tabbatar kowa ya sani. Kwana uku, na abokiyar zamana ya fito da ɗan farin wutsiya. Kwana huɗu, rabin aji na ihu a bakin taga, yaran da ko tashi amsa tambaya ba sa yi sun koma zuwa makaranta da sassafe don su auna tsiro da tsinken tsintsiya. Nawa ya kumbura, ya yi yauƙi. A rana ta biyar, wato Juma'a, Anti ta shigo ta tsaya cak ta toshe hanci, ta tambaya da buroka me ke wari a ajinta.

"Wetin dey smell for my class?"

Yatsu kusan arba'in suka nuna ni. Na fashe da kuka, kukan haushi ne da kunya a haɗe. Ta ɗauki gwangwanin ta leƙa, na ga bakinta na rawa tana danne dariya. Ta ce, "Ni na san dalili, amma ba zan gaya miki ba. Ki je ki nemo. Ranar Litinin in kin faɗa wa aji abin da ya hana naki tsirowa, kina da kujera."

Na isa gida na sauke wa Mama laifin duka. Ta ce, "Ke, ni za ki koya wa wake? Tun ba a haife ki ba nake taɓa shi." Amma abin ya tsaya mata a rai. Ranar Lahadi kafin mu tafi coci ta jiƙa waken da ba a surfa ba a kwano. Da muka dawo, ko ɗankwali ba ta cire ba ta shimfiɗa tabarma ta ce in zo. Ta sa farce ta ɓare ƙwaya ɗaya, ta raba ta biyu a hankali. Can a gefe sai ga wani ɗan mitsitsin abu, da ganye biyu ƙanana a naɗe. Muka duba surfaffen, gurbin na nan amma babu kowa a ciki. Ta tashi ta jawo robar dusar da take ajiye wa awakin maƙwabta, ta tona da yatsa, ga 'yan mitsitsin abubuwan nan birjik, taɓarya ta kakkaɓe su.

Ta kalli tafin hannunta. Can ta ce, "Ikon Allah. Ashe 'ya'yan nake ba awaki kullum." Muka yi ta dariya har da hawaye, ta kuma ɓare wajen guda goma, wai tana so ta tabbatar kowanne da nasa.

Ranar Litinin na tsaya gaban aji, wake biyu a hannuna, na bi benci benci ina nunawa. Yara suka yi ta ture juna don su gani. Anti ta ce a tafa mini, ta rubuta sunana a takardar masu tafiya.

Ranar tafiyar, direba ya riga ya tayar da mota sai ga Mama da sauri, ta bar wa maƙwabciyarta kasko, ta rungumo ƙosai a leda mai zafi. Ta miƙa wa Anti ta taga ta ce a raba wa yara. Sannan ta zagayo inda nake, ta ɗaga murya yadda duk bas ɗin za ta ji.

"In kin je, ki gaya wa masu binciken nan ni na gano shi. Da farcena."