Danuta, Allura da Taswira Sun Yi Daidai

Ranar Talata, 14 ga watan Oktoba, ina ɗakin bincikenmu a birnin Poznan, ɗiyarki Jagoda ta kira ni ta ce, "Kawu Leszek, Mama ta cika." Danuta Kielar, abokiyar aikina tun gashinmu na baƙi, ban taɓa zaton ni zan rubuta miki wannan ba.

Kin ƙarar da rayuwarki kan tambaya ɗaya: ina tsami yake taruwa a cikin ƙarin ciwon daji, tunda inda ya yi yawa magani ba ya tasiri sosai? Mukan daskarar da tsokar, mu yanka ta sirit kamar ɓawon albasa, na'ura ta bi ta ɗigo-ɗigo tana auna nauyin sinadaran da ke ciki, ta zana mana taswirar tsamin. Masu suka suka ce wahalar banza ce, wai da zarar an cire ƙari daga jiki tsaminsa ya sauya. Maganar ta ci miki rai, amma ba ki taɓa mayar wa kowa baƙa ba. A taro ma kin raba musu kokwambar da kika jiƙa a ruwan gishiri da hannunki.

Abin da zai raba gardama shi ne a soka allurar awon tsami a ƙari yana jikin mai shi, sannan a gwada da taswirarmu. Kika ƙi roƙon majinyata, kika ce fargabar da suke ciki ta ishe su.

Da cutar ta kama ki bara, sai kika nemi izini, likitan tiyata ya auna naki kafin ya cire. Kina farfaɗowa kika ce da ni, "Kai tsohon malalaci, an daskarar da shi da wuri? Kai za ka yanka, hannunka ba ya rawa. In sakamakon bai yi daidai ba, ka buga shi a mujalla haka nan, kada ka ji tausayina."

Hannuna ya yi rawa, Danuta, har aikin ya ja lokaci. Sakamakon bai fito ba sai bayan mun binne ki. Allura da taswira sun yi daidai. Na san za ki ce tsoka ɗaya ba hujja ba ce, kuma gaskiyarki. Duk da haka na waiwaya wajen kujerarki zan yi miki albishir.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa wahalar da kika sha ta zama sauƙi ga marasa lafiya. Ya ba mijinki Tadeusz da Jagoda haƙurin rashinki. Ranar da muke kunna wa mamatanmu kyandir a maƙabarta zan zo miki da taswirar.