Diyaman ɗin Nomau

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Nomau mai gyaran garmaho, a gidansa na unguwar Adjamé, nan Abijan, bayan rukunin gidajen 220 Logements. Ciwon ƙirji ne, bai yi jinya ba. Washegari da hantsi muka kai shi makwancinsa.

Nomau, an ce mini ta'aziyya ba wurin faɗa ba ce. Na ji. Amma abin da aka yi bayan ranka sai na faɗe shi tare da alherinka, wanda ransa zai ɓaci ya ɓaci.

Duk Abijan, in allurar garmaho ta cinye, masu shago cewa suke a jefar da kan da ke ɗauke da ita gaba ɗaya a sayi sabo. Kai kaɗai kake zama da gilashi a ido ɗaya da ɗan hantsaki a hannu, ka zare tsinken nan da ke riƙe da allurar, wanda bai fi gashin wutsiyar doki kauri ba, ka dasa wani, ka ɗora sabuwar allura a bakinsa. Cikin zafin nan kake kashe fanka ka rufe ƙofa, motocin haya na gbaka na ta oda a waje, ko numfashin kirki ba ka yi sai gam ya kama. Ina nan wata tsohuwa 'yar ƙabilar Baule ta kawo garmahon mijinta da ya rasu. Ka gyara, ka ɗora mata faifansa, ka zauna tare da ita har waƙar ta ƙare, alhali ko kalma ɗaya ba ka ji a ciki. Masu jira suna ta tsaki, ko kallonsu ba ka yi ba.

Allurar nan, da bakin Faransa diyaman ake ce mata, wato lu'ulu'u, don ɗan ƙwayarsa ne a tsininta. Kai ma haka kake kiranta. Kawunan da ka gama aikinsu cikin gwangwanin alewa kake jera su, duk wanda ya miƙa hannu ka ce, "Kul, diyaman ne a ciki." Mu tsofaffi mun san me kake nufi.

Ina da faifai ɗaya a ɗakina na unguwar Biafra ta Treichville, nan Abijan. Yayana Awwalu ne a ciki, da gurminsa, an ɗauke shi a Treichville tun muna samari. Ya jero mutanenmu na Adar da suka fara saukowa garin nan, wa ya sauki wa, wa ya auri 'yar wa. Ban san wani mai irinsa ba yanzu. Biki da suna mun sa shi har tsakiyarsa ta goge, daidai inda yake kiran sunayen iyayenmu mata. In allura ta kai nan sai shuuu, kamar ruwa a kan kwano. Mazan na haddace su. Matan kuwa rabi ya zube mini, kuma duk wanda zan tambaya yana ƙasa.

Kai ka duba faifan da gilashinka ka ce muryar ba ta mutu ba. Ka ce allura mai kauri saman layin kawai ta cinye, can ƙasa Awwalu yana nan, sai dai a samu allura mai siririn yanka a kan tsinke marar nauyi wanda ba ya lanƙwasa, ta nutsa ta same shi. Ka karɓi kan garmahona, ka aika ƙasar waje a kawo irin allurar, muka yi ta jira har damina ta kewayo. Ranar Litinin ka kira ni.

"Kailu, ta zauna. Kawo faifan. Ka zo da kunnenka, bakinka ka bar shi a Biafra."

Na ce sai Juma'a in an sauko masallaci, don ƙafata ta kumbura. Juma'ar ta same ka a kabari.

Ana gama addu'ar uku, 'ya'yanka Musbahu da Shamsuddin suka buɗe shagon. Tun suna rarrafe suke jin diyaman, diyaman. Suka ɗauki filaya suka bi kawunan nan ɗaya bayan ɗaya, na gwangwani da na aljihun tebur, suka karye tsinken kowanne, suka ƙulle a takarda, suka kai wa wani maƙerin zinariya a Treichville. Ya ce musu lu'ulu'u ne da gaske, amma bai fi ƙura ba, ba mai saye. A kwatar ƙofarsa suka kakkaɓe takardar. Nawa yana ciki, bai taɓa hawa faifai ba ko sau ɗaya.

Da na je, Musbahu, mai kirana Tonton, wato kawu, ya ce mini, "Tonton, ai shi ya ce diyaman ne." Ban mare shi ba don uwarsa tana zaune cikin takaba. Yaran da suka girma da abincin allurar nan, a ce ba wanda ya taɓa jan kujera ya ga me ubansa ke yi da gilashi a ido. Ba su tambayi uwarsu ba, ba su tambaye ni ba. Kai ma, Nomau, ina da magana da kai. Ka yi ta korarsu daga bakin tebur kada su yi maka numfashi a kan aiki, har suka girma ba su san komai ba sai sunan.

An ce in sa kowace allura ta kasuwa. Ba zan sa ba. Abin da ya rage a ƙasan layin nan ba zan ba dakusasshiyar allura ta cinye shi ba.

Allah Ya jiƙanka, Nomau, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa hannuwan nan naka su yi maka shaida ta alheri. Hajiya Haulatu uwar yaran, Allah Ya ba ki haƙuri da dangana, ke ba ki da laifi a ciki. Musbahu da Shamsuddin, ina yi muku ta'aziyyar ubanku, Allah Ya shirye ku. Yafiya kuwa ban iya ba tukuna, ina roƙon Allah Ya ba ni.

Ranar addu'ar arba'in zan tashi in jero sunayen da bakina. Inda na manta zan yi shiru daidai tsawon sunan, ku biyu kuna zaune a gabana.

Kailu, Biafra, Treichville