Hoton Inna a Zurmi

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Wancan" take ce mini, ko "mutumin Kaura" tun da na fara koyarwa a can. Idan ina gaishe ta, ƙasa take kallo, ko tsintsiya, ko kajin da ke wucewa. Haka al'ada take, na sani. Amma har na yi furfura abin bai daina ci mini rai ba.

Da na sayi babbar waya sai muka zama mu biyu. Ita tana kallon ƙasa, ni ina kallon tafin hannuna. In je Zurmi, in zauna a tsakar gida, in ci tuwo da hannu ɗaya, in koma Kaura ban san ko ta rame ko ta yi ƙiba ba. Ƙanwata ce ta gaya mini abin da Inna ta ce bayan tafiyata: "Wancan ya zo, amma ban ga alamar ya iso ba."

Sai na jefa wayar cikin durowa. Na koma ƙarama mai maɓalli, na ɗaura agogon hannu, na karkaɗe rediyona. Abokan aiki suka ce malam ya koma zamanin jirgin gawayi. Na bar su da bakinsu.

Abu ɗaya ya rage. Ba ni da hoton Inna ko guda, ga shi ƙarfinta na ta raguwa. Ba ta yarda a ɗauke ta da waya, wai duk duniya na cikinta. Wani mai hoto, ɗan kudu da ya tsufa a Kaura, ya sayar mini da 'yar kyamara, irin wadda sai ka kanga ido a wata ƙaramar taga sannan ka ga abin da za ka ɗauka.

Na kai mata da hantsi. Ta juya ta a hannu, ta tambayi ƙanwata, ba ni ba.

"Wanga abu, wa da wa ka ganin mutum ciki nai?"

"Ba kowa, Inna," in ji ƙanwata. "Shi ɗai."

Ta shige ɗaka. Ta daɗe. Ta fito da kwalli da zanen da take zuwa suna da shi, ta zauna a kujera 'yar tsugunne, ta ɗora hannuwa a gwiwa yadda ake yi a da. Na kai kyamarar idona na ce ta dubi gilashin da ke gabanta.

Ta duba. Gilashi take kallo, ai ba ta keta komai ba. Ni kuwa a bayansa nake. Ashe idanunta ruwan ƙasa ne, kuma na hagu ya fara yin yana. Ban sani ba sai ranar.

Na danna, hoto ya ɗauku. Inna ba ta motsa ba, don a saninta sai mai hoto ya ce an gama ake tashi. Ni kuwa na ƙi cewa an gama. Idona ya cika, ita kuma tana nan tana kallona.

Can ta ce, ba tare da ta kau da kai ba, "Ka bi a hankali, ban gaji ba."