Allon Bakin Hanyar Kushewa

Shekarata ta farko da koyar da Turanci a Zuru, a unguwar Rikoto na kama ɗaki, a gidan wata tsohuwa da kowa ke kira Kaka. A lokacin kaina ya kumbura, gani nake duk Turancin duniya a aljihuna yake.

Kabarin mijinta yana gindin dutse, bayan gari. Duk ran Asabar takan je ta share shi. Ta ce mutumin da ya yi mata golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukai, har shekara bakwai, bai cancanci ciyawa ta rufe shi ba.

Sai wani tsohon soja ya sayi filin da hanyar kabarin ta ratsa, ya zagaye shi da waya, ya kafa allo. Kaka ta ja ni har wurin.

"Malam, mi anka rubuta ga allon ga?"

Na gyara murya na karanta mata: tirespasa. Na ce shi ne mai shiga wuri ba izini, kuma allon ya ce kotu za a kai shi. Na ƙara da shawarar ta haƙura, doka ce.

Ta ce, "Ke nan in da izini, sunan ya faɗi?"

Ni da takardata ban taɓa kallon kalmar ta nan ba.

Ba ta tsallaka waya ba, ko da yake akwai inda awaki suka buɗa. Ƙofar gidan sojan ta nufa, ta yi sallama sau uku. Da ya fito ta ce, "Ɗana, shekara arba'in ina bin hanyar ga. Mijina na kwance can baya. Na zo roƙon izini, kada sunan allonka ya hau kaina da tsufana."

Mutumin nan, ƙato guda, ya cire hula ya durƙusa. Ya ce, "Mama, wa ya iske wani? Ni na shigo muku ban yi sallama ba. Ni ne tirespasa."

Kafin Asabar ya yanke waya ya sa ƙaramar ƙofa.

Kunya ta kama ni, kuma har yau ina jinjina mata. Ranar da muka kai ta kusa da mijinta, ta ƙofar nan muka bi da ita, sojan na riƙe da gaban makara.